Injin zuƙe iska da gubar botulizim: amsa ga mai sana'ar nama a Aboabo

Wata Hajiya mai sana'ar nama a Aboabo, cikin Kumasi, ta aiko da wannan tambaya: "Na daɗe ina yin kilishi da dambun nama da shito mai nama ina sayarwa, wasu kuma ina aikawa Akra a mota. Kwanan baya na sayi injin zuƙe iska daga leda domin kayana su ƙara daɗewa, kuma ina da niyyar fara yin sosej na naman shanu. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai wata guba mai suna botulizim da ke fitowa a naman da aka rufe babu iska. Leda biyu na dambu sun kumbura bayan kwana huɗu a kan kanta. Mene ne gaskiyar maganar, kuma yaya zan kare kayana?"

Hajiya, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Maganar ɗanki gaskiya ce, kuma ya kyauta da ya faɗa miki tun kafin ki faɗaɗa harkar. Injin zuƙe iska ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda. Amfaninsa shi ne ya hana mai sauya ɗanɗano, ya hana fumfuna, ya kuma rage ƙarfin ƙwayoyin da ke sa nama wari, domin yawancinsu sai da iska suke rayuwa. Ita kuwa ƙwayar da ɗanki yake magana a kanta, wadda masana ke kira Clostridium botulinum, rashin iskar ne yake tayar da ita. Saboda haka idan nama mai ɗanshi ya shiga ledar da aka zuƙe, aka kuma ajiye shi a kan kanta cikin zafin Kumasi, an kori ƙwayoyin da za su yi wari su gargaɗe ki, an bar filin ga wadda ke kisa. Kilishin da ya bushe sarai ba shi da wannan matsala. Dambu mai laushi, da shito (yajin nan na Gana da ake soyawa a mai) mai gutsattsarin nama, da sosej ɗin da kike shirin farawa, su ne abin dubawa.

Wannan ƙwaya tana cikin ƙasa da ƙura da laka, tana kuma cikin hanjin dabbobi, shi ya sa babu mayankar da za ta ba ki tabbacin cewa namanta ba ya ɗauke da ita, ko daga babbar mayanka ta Kaase kika saya ko daga hannun mahaucin unguwa. Kayan yaji ma, citta da barkono da albasa da tafarnuwa, daga ƙasa suka fito. Idan yanayi bai yi mata daɗi ba, takan naɗe kanta cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, kamar irin ciyawa da ke jiran ruwan farko a busasshiyar ƙasa, kuma tana iya shekaru a haka. Wannan kwantaccen iri babba yakan haɗiye shi a abinci ba tare da ya yi masa komai ba. Masifar tana farawa ne idan irin ya sami abu huɗu a haɗe, wato rashin iska, da ɗanshi, da ɗumi, da abincin da ba shi da tsami, sai ya farfaɗo ya hayayyafa ya saki guba, wadda tana cikin mafi ƙarfin gubar da ɗan Adam ya sani. Aikinki duka shi ne ki tabbata waɗannan huɗun ba su taɓa haɗuwa a cikin leda ko kwalba ɗaya ba. Tun da injinki ya riga ya samar da na farko, nama kuma ba shi da tsami a halittarsa, abin da ya rage a hannunki shi ne ɗanshi da ɗumi.

Kada ki dogara da hanci. Ƙwayar gida biyu ce a wajen masu sarrafa nama. Gida na farko yana narkar da nama, sau da yawa yakan fitar da iska da wari, ba ya tsiro idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, ya fi jin daɗi wajen digiri 35, irinsa kuma yana da taurin kai ƙwarai a gaban wuta. Gida na biyu ba ya narkar da nama, saboda haka abinci yana iya cika da guba alhali kamanninsa da ƙanshinsa ba su canza ba, kuma yana iya tsiro a hankali har a sanyin digiri 3, wato a cikin firij. Ledar da ta kumbura ta yi miki alheri domin ta nuna kanta. Waɗanda ba su kumbura ba daga wannan tukunya ɗaya, rashin kumburinsu ba shaidar lafiyarsu ba ne.

Mutane da yawa suna ganin dafuwa ta gama komai, a nan ne kuma ake samun ruɗani, domin guba daban, iri daban. Gubar ba ta jure wuta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan tsakiyar abinci ya wuce digiri 85 na tsawon minti 5 ko fiye, gubar ta lalace, shi ya sa muke ce wa mutane su tafasa abincin da aka adana na minti 10 kafin a ci. Irin kuwa, na gida na farko, yana iya jure tafasar ruwa na sa'o'i, tun da ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka zuba. Kamfanonin da ke yin naman gwangwani irin su konbif suna rufe gwangwanin ne su sa shi a tukunyar matsi ta musamman har tsakiyar naman ya kai digiri 121 na aƙalla minti 3, ko abin da ya yi daidai da haka, kuma wannan ne ya sa gwangwani ke shekara a kan kanta ba firij. Idan kika dafa nama kika rufe shi da ɗanshinsa, wutar ta kashe ƙwayoyin da za su yi gasa da irin, ta kori iskar da ke cikin naman, shi kuma yana nan da ransa. Dafaffen nama mai ɗanshi a rufaffiyar leda ya fi ɗanye haɗari ta wannan fuska.

Akwai masu adana nama a kwalba a gida ta hanyar tukunyar matsi mai ma'auni, inda ƙa'idar da aka gwada a Amurka ta ce a riƙe digiri 116 na minti 75 ga kwalbar kusan rabin lita, minti 90 ga ta kusan lita ɗaya. Na ambata ne domin ki ga nisan da ke tsakanin wannan da tafasa kwalba a ruwan zafi. Ƙaramar tukunyar matsi da ake dafa wake ko ganda da ita ba a yi ta domin wannan aiki ba, kuma ban ba ki shawarar ki sayar wa jama'a naman kwalba da aka yi a gida ba ko da kin sami babbar, sai ƙwararre ya gwada tsarin da kayanki da girman kwalbarki.

Kilishi shi ne mafi aminci a cikin kayanki, dalili kuwa bushewa. Ƙwayar cuta tana buƙatar ruwan da yake sake a cikin abinci, wanda gishiri ko sukari ba su riƙe ba, masana kuma suna auna wannan da ma'aunin da ya tashi daga sifili zuwa 1. Ɗanyen nama yana wajen 0.99. Gida na biyu yana tsayawa a 0.97, gida na farko a 0.94, busasshen naman da ake son ya zauna a waje ba firij kuma ana neman ya sauka zuwa 0.85 ko ƙasa da haka, domin a rufe ƙofa ga sauran ƙwayoyi ma. Kakanninmu da suka fere nama siriri suka shanya a rana, suka tsoma a labu suka sake shanyawa sannan suka nuna wa wuta, sun kai wannan mataki ba tare da ma'auni ba, sai dai sun yi hakan ne a busasshiyar ƙasa. Kilishin Agadas ko na Kano yana bushewa cikin iskar da ba ta da ɗanshi. Kumasi kuwa garin kurmi ne mai damina biyu, kuma ban da 'yan watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska cike take da laima, rana tana iya ɓuya kwana da kwanaki. A irin wannan yanayi bayan kilishi yakan bushe cikinsa da sauran danshi, musamman inda fira ta yi kauri ko labu ya taru. Da can, da ake naɗe shi a takarda, yana ci gaba da shan iska yana ƙarasa bushewa, in kuma bai bushe ba fumfuna ta fito kin gani kin zubar. Leda ta rufe waɗannan hanyoyi biyu.

Saboda haka ki fere naman siriri kuma bai ɗaya, ki cire kitse da jijiya, in rana ta ƙi kuma ki ƙarasa da ɗumin garwashi ko tanda maimakon ki bar shi ya kwana da laima. Ki riƙa auna naman a sikeli kafin shanya da kuma bayanta, kafin a sa labu, domin tsokar nama kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, kuma naman da bai rasa fiye da rabin nauyinsa ba bai bushe ba. Bayan gashi, ki bar kilishin ya huce sarai kafin ki rufe. In kika ga raɓa ta taru a jikin leda daga ciki, wannan kilishin ba na kanta ba ne.

Dambun nama iri biyu muke yi, ko da yake suna ɗaya muke kiransu da shi. Akwai wanda aka soya har ya yi ƙarau, ya zama kamar zare, ba ya dunƙulewa idan an matse shi a hannu, kuma shi ne wanda matafiya da ɗalibai ke ajiyewa makonni. Akwai kuma mai laushi, wanda aka sauke da wuri domin ya fi daɗin baki kuma ya fi nauyi a sikeli, sau da yawa da albasa da attarugu ɗanye a ciki. Zatona shi ne naki da ya kumbura na biyun ne. Mai laushi abincin yau da gobe ne, ko kuma na firiza. In kina son dambun da zai zauna a leda a kan kanta, to ki haƙura da nauyin, ki soya shi har ruwan ya ƙare, ki yi amfani da busassun kayan yaji. Haka maganar take ga soyayyen naman layya da ake nutsarwa a mai a rufe a bokiti: ƙananan yanka da suka soyu har ciki suna daɗewa, manyan da cikinsu ke da ruwa kuwa man da ya rufe su ya hana su iska ne kawai.

Shito ya fi damuna fiye da dambu, saboda mutane sun ɗauka mai ne ke tsare shi. Mai ba ya kashe ƙwaya, yana toshe iska ne kamar yadda ledarki ke yi. A shekarar 1985 a birnin Bankuba na Kanada, mutum 36 suka kamu da botulizim daga yankakkiyar tafarnuwa da aka nutsar a mai aka ajiye ba firij a wani gidan abinci, babu nama ma a ciki. Abin da ke tsare shito na ƙwarai shi ne doguwar suyar da ke ƙone ruwan albasa da tumatir har kumfa ta kwanta, launi ya yi duhu, mai ya taso sama, haɗe da gishiri da garin busasshen kifi da jatan lande waɗanda da ma ba su da ruwa. Da zarar an zuba gutsattsarin nama ko ƙundun kaza, lissafi ya canza. Ko da mai ya yi zafin da ya wuce digiri 121, cikin gutsuren nama ba zai wuce 100 ba muddin akwai ruwa a cikinsa, tsamin tumatir kuma ba ya ratsawa har tsakiyarsa. Ƙwayar ba ta tsiro idan tsamin abinci a ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 4.6, amma nama yana tsakanin 5.5 da 6 da ɗoriya, kuma ba wanda zai ci shiton da aka tsamama har ya kai can. Ki tuna kuma su wa ke cin shito: 'yan makarantar kwana ne da ke tafiya da kwalba a akwati, su yi wata biyu ko uku suna ɗiba suna zubawa a kan gari ko shinkafa, ba mai ɗumamawa. Kariyar tafasa kafin ci, wadda ke ceton masu miya, ba ta aiki a nan, haka ma a kilishi da dambu. Shawarata ita ce shiton da zai yi doguwar tafiya ki yi shi da naman da kika busar kika daka ya zama gari, mai manyan gutsattsari kuma ki sayar da shi a matsayin na firij, ki rubuta hakan a jikin kwalba.

Sanyi kariya ce mai kyau idan ya tabbata, sai dai a garinmu ba kullum yake tabbata ba. A Ingila ƙa'idar hukumar abinci ita ce abincin da aka zuƙe wa iska aka ajiye tsakanin digiri 3 da 8 kada ya wuce kwana 10, sai in akwai wata kariya ta daban a cikinsa, kuma sun yi wannan doka ne a ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, mun san firij yana iya kwana a kashe. Firij ɗin gida da ake buɗewa kowane lokaci ana ɗaukar ruwan sanyi sau da yawa yana haura digiri 8 ba wanda ya sani. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi ki rataye a ciki, ki nemi digiri 3 ko ƙasa, in kuma abin zai wuce 'yan kwanaki ki sa shi a firiza, domin a cikin ƙanƙara ƙwayar ba ta tsiro ko kaɗan, ko da yake ba ta mutuwa. Idan za ki narkar da nama mai leda, ki narkar a firij, ko ki huda ledar tukuna.

Hucewa bayan dafuwa ma mataki ne da ake sakaci da shi. Babbar tukunyar nama da aka sauke da magariba aka rufe aka bari sai safe takan shafe dare a cikin ɗumin da ƙwayoyi suka fi so. Ƙa'idar da masu abinci ke bi ita ce a sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, sannan zuwa digiri 5 cikin awa 4 masu biyowa, kuma hanyar samun haka ita ce a baza naman a faranti marar zurfi maimakon a bar shi a dunƙule. Game da aikawa Akra, tafiyar kusan kilomita 250 ce, amma ki lissafa har da zaman jiran mota ta cika, da cunkoson hanya, da lokacin da saƙon zai yi a tasha kafin mai shi ya zo daga Nima ko Madina ya karɓa, duk a ƙarƙashin mota kusa da zafin inji. Busasshen kaya ba ruwansa da wannan. Mai ɗanshi kuwa sai ya tafi a daskare, cikin kula mai ƙanƙara, ya kuma isa da sauran ƙanƙararsa.

Sosej shi ne inda wannan cuta ta fara yin suna. Likita Justinus Kerner ya bayyana ta a kudancin Jamus wajen shekarar 1820 a cikin masu cin sosej na gida, sannan a 1895 Emile van Ermengem ya gano ƙwayar kanta bayan wasu makaɗa a garin Ellezelles na Beljiyam sun ci naman da aka adana da gishiri ba a dafa ba, mutum 3 suka mutu. Dalilin a fili yake: niƙa nama yana kai abin da ke bayansa zuwa cikinsa, ɗura shi a hanji yana toshe iska, rataye shi a hayaƙi mai ɗumi kuma yana ba shi sa'o'i a yanayin tsiro. Hayaƙi yana ba da ƙanshi yana busar da baya, amma ba ya tsare ciki.

Gishiri kaɗai ma ba ya isa a adadin da baki zai iya ɗauka. Ana lissafa shi ne a kan ruwan da ke cikin naman. Kilo ɗaya na nama yana da ruwa wajen giram 700, saboda haka giram 20 na gishiri, wanda shi ne abin da aka saba sa wa sosej, bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Gida na biyu sai a kashi 5 yake tsayawa, gida na farko sai a kashi 10, wato kusan giram 80 a kowane kilo, abin da ba mai iya ci. A Alƙahira a shekarar 1991, kifin gishiri da ake kira fasik, wanda aka adana ba a cire masa hanji ba, ya kwantar da mutum 91 a asibiti, 18 suka rasu.

Wannan giɓi ne ya sa masu sosej ke amfani da gishirin naitirait, wanda ke hana irin farfaɗowa, shi ne kuma ke ba konbif jan launinsa. A nan ina roƙonki ki natsu, domin naitirait shi kansa guba ne idan ya yi yawa, yana hana jini ɗaukar iska, kuma kaɗan ya isa ya kashe yaro. Kada ki taɓa sayen zallarsa. Ana sayar da shi a gauraye da gishiri, kuma gaurayen iri biyu ne da suka yi nisa da juna. Irin na Amurka, wanda ake rina shi ruwan hoda domin kada a ɗauke shi gishirin miya, yana da naitirait kashi 6.25 cikin ɗari, ana kuma sa giram 2.5 kacal a kilo ɗaya na nama, wanda ke ba da miligiram 156, iyakar da dokar Amurka ta yarda da ita a niƙaƙƙen nama, sannan a cika da gishirin gida. Irin na Turai kuwa naitirait ɗinsa wajen rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, shi ya sa ake zuba shi a madadin gishirin gaba ɗaya, wajen giram 20 a kilo. Wanda ya karanta tsarin Turai ya zuba giram 20 na irin Amurka ya sa miligiram 1,250, ninki 8 na iyaka. Wanda ya yi akasin haka kuma bai sa abin da zai kare komai ba. Saboda haka duk ƙullin da ba a rubuta kason naitirait a jikinsa ba, ki bar wa mai shi kayansa. Ki auna da ƙaramin sikeli mai nuna kashi goma na giram, ba da cokali ba, ki narkar a ɗan ruwan sanyi domin ya gauraya ko'ina, ki kuma ajiye shi a kulle nesa da madafa.

Abu biyu ake rikita shi da su a kasuwa. Na farko gishirin Himalaya, wanda launinsa kawai ya yi kama, babu naitirait a cikinsa. Na biyu kanwa, domin a nan Gana wasu suna kiranta da sunan Turancin da tsofaffin littattafan adana nama ke kiran gishirin naitiret, wani ɗan uwan naitirait, da shi, sai mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ne. Kanwa ba ta kare nama daga wannan ƙwaya, hasali ma tana rage tsami, wato tana tura naman zuwa ɓangaren da ƙwayar ta fi so.

Za ki ji ana cewa naitirait yana jawo ciwon daji, kuma maganar tana da tushe, domin a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji idan ana yawan ci. Wannan dalili ne na kiyaye awo da rage yawan ci, da kuma guje wa ƙona irin wannan nama a wuta mai tsanani. Bai zama dalilin yin sosej mai hayaƙi ba tare da kariya ba. Kuma ko da naitirait, dafaffen sosej na firij ne, ba na kanta ba, domin naitirait taimako yake yi wa sanyi, ba ya maye gurbinsa. In da ni ce ke, da sosej ɗanye zan fara, wanda ake niƙawa da sanyinsa, a ɗura, a daskarar nan take, mai saye ya soya ya ci. Wannan ba ya buƙatar naitirait sam. Sosej mai hayaƙi ya jira sai kin sami horo a hannun wanda ya san aikin. Busasshen sosej irin na Turawa da ake ratayewa makonni kuwa, a laima da zafin Kumasi, ba aikin gida ba ne.

Ledojin nan biyu da suka kumbura, da duk sauran da suka fito daga tukunya ɗaya da su, kada a buɗe, kada a ɗanɗana ko da a bakin harshe ne, kada kuma a zuba wa kaji ko karnuka, domin su ma gubar tana kama su. Ki ƙulle su a wata leda ki binne da zurfi ko ki ƙone, in wani abu ya zuba kuma ki jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi 1 a cikin kashi 5 na ruwa, na minti 30. In kin riga kin sayar da wasu daga cikinsu, ki kira masu sayen yau ki karɓo kayanki.

Alamomin cutar sukan bayyana tsakanin awa 12 da 36 bayan ci, ko da yake suna iya zuwa cikin awa 4 ko su jinkirta har kwana 8. Wani yakan fara da amai ko ciwon ciki, amma abin da ke bambanta ta shi ne gani biyu-biyu ko dishi-dishi, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, sannan kasala ta gangaro daga wuya zuwa hannuwa zuwa ƙirji har numfashi ya tsaya. Babu zazzaɓi, hankalin mutum kuma yana nan garau, shi ya sa a gida ake iya ɗaukarta shanyewar jiki ko iska a tsaya neman tofi da rubutu. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a haɗa su. Duk wanda ya nuna waɗannan alamu, musamman in mutum biyu ne da suka ci abu ɗaya, a kira 112 ko a wuce da shi babban asibiti irin Komfo Anokye kai tsaye, a gaya wa likita abin da ya ci, a tafi da ragowar abincin a ƙulle. Maganin karya gubar yana tsayar da wadda ba ta riga ta kama jijiya ba ne kawai, saboda haka kowace awa tana da daraja, mai tsanani kuma yakan yi makonni a kan injin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu kamuwa suna mutuwa. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Tun da maganar ta zo, ki gaya wa masu jego cewa kada a lasa wa jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya, domin a hanjin jariri irin yana iya farfaɗowa.

Duk alƙaluman da na kawo ba za su gaya miki matsayin kayanki ba sai an auna su. Ki ɗauki samfurin kilishi da busasshen dambu da shito, musamman waɗanda kika yi a tsakiyar damina, ki kai sashen kimiyyar abinci na jami'ar KNUST a nan Kumasi, ko Cibiyar Binciken Abinci ta CSIR a Akra, ki nemi a auna miki sakakken ruwa da pH da gishiri, shiton kuma a auna gutsuren naman daban da miyar. Tun da kayan a rufe kike sayar da su, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta wajabta rajista da hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, wato FDA, wadda ke da ofis a Kumasi, kuma za su duba wurin aikinki da abin da kika rubuta a jikin leda. Ki riƙa sa ranar yi da ranar ƙarewa da yadda za a ajiye, ki kuma ba kowace tukunya lambarta a littafi tare da sunayen waɗanda suka sara, domin in wata rana aka sami matsala ki san ledojin da za ki janye da waɗanda za ki kira.